Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kamfanonin wasannin bidiyo da masu rumbun manhajojin waya

Zuwa ga shugabannin kamfanonin da ke ƙera wasannin bidiyo, da ku masu riƙe da rumbunan da ake sauke manhajoji a waya,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku. Ni malamin sakandare ne, na haura shekara goma sha biyar ina koyarwa, sannan uba ne mai yara uku, babbansu namiji ɗan shekara 14. Ba ni kaɗai nake magana ba, da yawun wasu iyaye da malamai nake rubuta wannan, mutanen da mun daɗe muna tauna maganar nan a tsakaninmu, wani lokaci a ofishin malamai wani lokaci a guruf ɗin iyaye har tsakar dare, sai muka ga ai ƙorafin da muke wa junanmu ba inda zai kai mu, gara a faɗa wa masu abin.

Abin da ya tunzura ni kuwa, watannin baya na rubuta ƙorafi zuwa ga ɗaya daga cikinku. Ba zan kama suna ba don ba shi kaɗai ke yi ba. Na zauna na ɓata kusan awa guda ina zayyana abin da na gani da idona na kuma ji da kunnena a wayar ɗana, ina turawa ko minti biyu ba a yi ba sai ga amsa, nan na gane ba ɗan Adam ne ya karanta ba. Amsar dai ba ta wuce abu uku ba, wai wasan yana da tambarin shekaru, wai akwai saitin da iyaye za su iya sa ido, sannan wai bincike bai tabbatar da cewa wasan bidiyo na sa yara aikata ta'asa ba. Shi ke nan, aka rufe ƙorafin, har da tambayata ko na gamsu da hidimar da aka yi min.

Ban gamsu ba. Amma bari in fara da inda kuke da gaskiya, don kada ku ɗauka wani dattijo ne da bai taɓa riƙe gem ba ya zo yana kumfar baki.

Na san rigimar nan ta girmi ɗana nesa ba kusa ba. Tun 1976 aka yi ta ce-ce-ku-ce a Amurka kan wani gem mai suna Death Race da ake bi ta kan wasu 'yan halittu da mota. Da Mortal Kombat ya fito a 1992 da jininsa da cire kan abokin faɗa, sai da maganar ta kai Majalisar Dattawan Amurka a 1993, sanatoci irin su Joe Lieberman da Herb Kohl suka titsiye kamfanoni, kuma daga nan ne aka kafa hukumar ESRB a 1994 mai sa tambarin shekaru a jikin wasanni, Turai ma ta yi nata PEGI a 2003. A 1999 da wasu ɗalibai biyu suka buɗe wuta a makarantar Columbine da ke jihar Kolorado, ana jin cewa suna buga Doom sai kowa ya ce ai ga dalili nan. Tun daga lokacin ya zama kamar al'ada, duk sanda wani matashi ya yi ɓarna da bindiga sai wani ɗan siyasa ya fito ya ce gem ne, a bar jaki ana dukan taiki, don maganar gem ta fi sauƙin yi a kan maganar yadda bindigar ta shiga hannun yaron ko irin gidan da ya taso a ciki.

Na kuma san a 2011 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar jihar Kalifoniya da ta hana sayar wa yara wasanni masu tashin hankali, alƙalai bakwai suka rinjayi biyu, kuma cikin dalilansu har da cewa binciken da aka kawo musu bai nuna cewa wasannin ne ke haddasa mugun hali ba. A 2019 wasu masana biyu, Andrew Przybylski na jami'ar Oxford da Netta Weinstein, suka bi diddigin matasa 'yan shekara 14 da 15 kimanin dubu ɗaya a Birtaniya, kuma abin da ya burge ni da aikin nasu shi ne basu tsaya kan abin da yaran suka faɗa game da kansu ba, iyaye da masu riƙon yaran aka tambaya yadda halinsu yake, ba su ga wata alaƙa tsakanin buga gem mai faɗa da yawan tsokana ko duka ba. Ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, APA, ita ma ta fito a 2020 ta ce ɗora laifin kisa da manyan ta'asa a kan gem ba shi da madogara ta ilimi, kuma yana ɗauke hankalin mutane daga dalilan gaske. Ga Japan da Koriya ta Kudu nan, ana buga gem kamar ba gobe amma kisan kai a can kaɗan ne ƙwarai. A Amurkar ma tun tsakiyar shekarun 1990 laifukan matasa suka yi ta raguwa a daidai lokacin da cinikin gem ke ta hauhawa. Duk na yarda. A ajina akwai wani yaro da na san wasannin da yake bugawa sun fi na kowa jini, amma wallahi ko ƙuda ba ya iya kashewa, shi ne ma mai raba faɗa.

Sai dai kun karanto rabin shafi ne kuka rufe littafin. Ita wannan APA ɗin da kuke son kafa hujja da ita, a matsayarta ta 2015 ta ce akwai alaƙa tsakanin wasanni masu tashin hankali da ƙaruwar zafin kai da raguwar tausayi, kuma a 2020 ba ta janye wannan ba, cewa ta yi kada a miƙa shi har zuwa kisa. A 2018 wasu masana na jami'ar Dartmouth a Amurka sun tattara bincike 24 da suka shafi yara da matasa sama da 17,000, suka ga akwai ɗan tasiri a kan kai hannu, tasirin ƙarami ne amma yana nan. Masana irin su Craig Anderson da Brad Bushman sun shekara da shekaru suna cewa akwai illa, Christopher Ferguson kuma yana cewa tasirin ya yi ƙanƙantar da bai kai a ɗaga hankali a kansa ba, kuma yana da abin faɗa, don wasu gwaje-gwajen da ake yi a ɗakin bincike abin dariya ne, a sa mutum ya buga gem sannan a auna yawan barkonon da zai zuba wa wani a abinci ko ƙarfin ƙarar da zai sakar masa a kunne, a ce wai an auna mugunta. To su masana su ci gaba da jayayyarsu. Ni abin da nake so ku gane shi ne tsakanin "zai kashe mutum" da "babu komai" akwai fili mai faɗin gaske, kuma a wannan filin muke zaune mu da yaranmu. Ban rubuto muku don ina tsoron ɗana zai zama makashi ba. Na rubuto ne saboda abin da ya faru a falona.

Wata ranar hutu da yamma yana zaune a ƙasa ya jingina da kujera, wayar na jone da caji, iyafis a kunne, babban yatsansa na ta rawa a kan sikirin. Ƙanwarsa 'yar shekara shida ta zo wucewa da gudu ƙafarta ta ja wayar cajin, wayar ta suɓuce daga hannunsa na daƙiƙa biyu ko uku, kafin ya ɗauka an harbe shi a cikin gem ɗin. Ina kallo yaron nan ya miƙe ya hankaɗa ta da hannu biyu, ta faɗi bayanta ya bugi gefen tebur. Abin da ya fi tsaya min a rai ba kukan yarinyar ba ne, fuskarsa ce, idonsa ya kaɗa jijiyar wuyansa ta tashi yana huci yana cewa saura mutum uku, saura mutum uku fa! Yaron da shi ke goya ta, shi ke ɗaure mata takalmi. Bayan minti goma ya dawo hayyacinsa har da hawayensa, amma ai an riga an yi.

Ranar na ƙwace wayar, na goge duk wani gem mai bindiga a ciki, na bar masa na ƙwallon ƙafa kawai ina ganin na yi maganin abin. Sati biyu ba a yi ba ya doka wayar da bango saboda an zura masa ƙwallo a minti na ƙarshe matsayinsa ya sauka. Babu jini babu bindiga, ƙwallo ce kawai. Nan jikina ya yi sanyi na koma na sake karatu, sai na tarar ashe masana sun riga ni gani. A 2011 Paul Adachi da Teena Willoughby a Kanada sun nuna cewa gasar da ke cikin wasa, wato zafin son cin abokin hamayya, ta fi jinin da ke ciki tayar da zafin rai. A 2014 kuma Przybylski ɗin nan da abokan aikinsa suka nuna cewa takaicin kasawa, a yi ta cin ka kana jin ba ka iya ba, yana tunzura mutum ko da wasan ba shi da faɗa ko kaɗan.

To a nan ƙorafina na farko yake, kuma shi ne mafi girma. Wannan takaicin ba da kansa ya faɗo ba, ku kuka gina shi. Ku kuka tsara matsayi da ke hawa da sauka, yaro ya yi sati yana tara maki a kwashe masa a dare ɗaya. Ku kuka sa kyautar kullum wadda in ya tsallake rana guda jerin ya katse ya koma farko. Ku kuka sa kakar wasa mai ƙarewa da agogo na ƙirga masa saura kwana kaza. Sannan abin da ya fi ci min rai, wasan da ake bugawa da mutane a intanet ba a tsayar da shi, na gane wannan, amma ku kuka ƙara da hukunta duk wanda ya fita a tsakiya, a rage masa maki ko a hana shi shiga na wani lokaci, abokan tim ɗinsa kuma su bi shi da zagi. Ku ɗan tsaya ku hango abin daga cikin gida. Uwa tana kiran ɗanta, ya amsa da "ina zuwa", ta sake kira, ta sake, shi kuma ya san in ya ajiye wayar nan an yi masa asarar abin da ya kwana yana tarawa. Kun ajiye yaro ɗan shekara 13 tsakanin kiran mahaifiyarsa da hukuncinku, kuma kun tabbatar naku hukuncin ne mai zuwa nan take. Rabin rashin kunyar da iyaye ke kawo min ƙara a kai daga nan take farawa, daga "ina zuwa" sai tsaki, daga tsaki sai ɗaga murya. Babu wani binciken kisan kai da zai auna wannan, amma a gidaje da yawa kullum sai an yi.

Na biyu, hirar murya. Bayan abin da ya faru na ce masa ya ba ni iyafis ɗin in ji abin da yake ji, ya yi ta noƙe-noƙe, ashe ya san abin da zan tarar. Minti ashirin na yi. Muryar wani ƙato, wanda daga jin ta ya haura talatin, yana surfa wa yaran da ke tim ɗinsa ashar ta uwa ta uba don sun bari an kashe shi, wani yana kwaikwayon kukan biri da ya ji lafazin wani yaro, wata yarinya ta yi magana sau ɗaya tak aka yi mata caa da maganganun da ba zan iya rubutawa a nan ba, ba ta sake buɗe baki ba. Ɗana kuwa ko a jikinsa, ya ce min ai Baba haka ake yi, in ka yi shiru ma raina ka za a yi. Wannan kalmar ta "haka ake yi" ita ce ta hana ni barci. Ashe zagin da na fara ji a bakinsa kwanakin baya, wanda na yi ta zargin abokansa na makaranta, a cikin ɗakinsa yake koyo, ni na sayi wayar ni nake sa datar. In ana maganar ko gem na canza halin matashi, ni a ganina a nan ya kamata a fi zura ido, domin mutum-mutumin da yake harbi a sikirin ya san ƙarya ne, amma ƙaton da ke zaginsa mutum ne na gaske, kuma yana koya masa cewa haka namiji ke magana in ransa ya ɓaci.

Kada ku ce ba ku sani ba. A Disambar 2022 hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta sa kamfanin Epic Games mai Fortnite biyan dala miliyan 520, kuma cikin abin da aka tuhume shi da shi har da barin hirar murya da ta rubutu a buɗe ga yara tun daga farko, aka kuma wajabta masa ya mayar da ita a rufe ga yara da matasa sai in an buɗe da gangan. Ke nan abu ne mai yiwuwa, maɓalli ne kawai. Me ya sa sai hukuma ta murɗe hannun mutum kafin ya yi? Kuma kun san inda rigimar 'yan gem kan iya kaiwa in ta fito daga sikirin. A Disambar 2017 a garin Wichita na jihar Kansas, musu kan cacar da ba ta kai dala biyu ba a wasan Call of Duty ya sa aka yi wa 'yan sanda kiran ƙarya aka tura su wani gida, suka harbe wani bawan Allah da ba ruwansa da wasan ma sam. Ba jinin cikin gem ne ya kashe shi ba, gabar da ke tsakanin masu bugawa ce.

Wani abin kuma da ya shafe mu kai tsaye, matatar zagin da kuke taƙama da ita Turanci ta fi ji. Yaro ya rubuta ashar da Hausa ko wani harshen da ba ku damu da shi ba sai ta wuce salin alin, in ka kai ƙara ma babu wanda zai gane abin da aka faɗa balle ya hukunta. Kuɗinmu dai kuna gane shi da kowane harshe ya zo.

Na uku, tambarin shekarun nan da kuka jefe ni da shi a amsarku. Na ce wa ɗana ya nuna min yadda ya buɗe akawun ɗinsa. Aka tambaye shi shekarar haihuwa, ya murza lambobin da yatsa ya tsaya a 1990, ya danna, ƙofa ta buɗe. Daƙiƙa huɗu. A wajenku yanzu haka ɗana magidanci ne da ya haura talatin. Ya ce duk ajinsu babu wanda ya sa shekarunsa na gaskiya, kuma na yarda da shi don na tambayi nawa ɗaliban suka yi ta dariya. Wasan da aka rubuta wa 17 ko 18 a jiki, irin su Grand Theft Auto, 'yan shekara 12 sun haddace lungunansa. Sannan a yawancin rumbunan waya tambarin yana fitowa ne daga tambayoyin da shi mai wasan ya cike da kansa, kuma ko an cike da gaskiya, abin da kuka zuba a wasan yake aunawa, ba ya auna abin da baƙo zai faɗa wa yaro a kunne. Saitin iyayen kuma da kuke magana, ni da nake malami sai da na yi kusan awa ina lalube a cikin saiti kafin na gano inda kuka cusa shi, ina ga uwar da karatunta bai yi nisa ba? Maɓallin sayen kaya kuwa ga shi nan ɓaro-ɓaro a shafin farko yana walƙiya.

Na huɗu dare. Likitocin barci sun ce matashi ɗan 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10. Ni nake tsayawa gaban allo da safe, na san fuskar yaron da ya kwana yana gem, ido ja, kai a kan tebur, kuma irinsu ne abu kaɗan a taɓa su sai faɗa, wani ya taka masa ƙafa a layi sai dambe. Ko babba ne aka hana shi barci kwana uku ai sai ya zama abin tsoro, balle yaron da dama jininsa ke tafasa. Sau da yawa in an kawo min masu faɗa ofis tambayata ta farko yanzu ita ce ƙarfe nawa ka kwanta jiya, kuma da wuya amsar ta ba ni mamaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da jarabar gem a matsayin lalura a 2019, ta fara aiki a kundinta a 2022, duk da dai ta ce kaɗan ne daga masu bugawa ke kaiwa wannan matakin. Ba na roƙon a yi mana irin na Chaina, da tun 2021 ta taƙaita wa 'yan ƙasa da 18 gem ɗin intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Koriya ta Kudu ta gwada hana 'yan ƙasa da 16 bugawa daga sha biyun dare zuwa shida na safe tun 2011, daga baya a 2021 ta soke dokar, yara dama da bayanan iyayensu suke shiga. Dokar gwamnati ba ta kai ku sanin abin ba. Ku kun san ƙarfe nawa ne a inda yaron yake, kun san awa nawa ya yi a zaune, amma ƙarfe ɗayan dare wayarsa za ta yi ƙara da saƙon cewa abokansa na ciki suna jiransa.

Maganar akwatunan sa'a ba zan ja ta ba, a biya kuɗi a buɗe ba a san abin da za a samu ba, Beljiyam ta kira abin da sunansa tun 2018 ta ce caca ce. Abin da zan ƙara kawai shi ne na zauna sulhu tsakanin uwa da ɗanta da ya kwashe mata kuɗi a akawun don sayen rigar soja ta cikin gem, kuma da ta yi magana shi ne ya fi ta fushi.

Laifi tudu ne, na sani. Mu muka saya musu wayoyin, da yawanmu mun miƙa musu ne don su bar mu mu huta, ni kaina sai da ɗana ya yi shekara biyu yana gem kafin na taɓa zama kusa da shi in ga me yake yi, kuma da na zauna ɗin na ga abubuwan kirki ma, yadda suke tsara dabara su huɗu, yadda yake komawa ya ɗago abokinsa da aka harba maimakon ya gudu. Yaron da ake jibga a gida ko ake cin zalinsa a makaranta ko yake ganin uba na dukan uwa, wannan ko babu gem a duniya yana cikin haɗari, kuma wannan namu ne ba naku ba. Muna ɗaukar namu kason. Amma ni mutum ɗaya ne mai aiki da gajiya, ku kuma kuna da ɗaruruwan ƙwararru da ake biya albashi don su gano yadda yaro ba zai ajiye wayar ba, sannan in an yi magana ku ce ai aikin iyaye ne. Haba.

Ga abin da muke nema. Ku rufe hirar murya da baƙi ga duk wanda bai kai 18 ba, a duk wasanninku ba sai wanda hukuma ta kama ba, in za a buɗe uba ko uwa su buɗe. Ku daina hukunta yaro don ya fita a tsakiyar wasa, ko aƙalla ku ba akawun ɗin yara damar fita sau ɗaya ko biyu a rana ba tare da an taɓa makinsu ba, wanda ya iya ƙera duniya guda da mutum ɗari ke yaƙi a cikinta lokaci ɗaya ba zai gagara wannan ba. Saƙonnin kira da kyaututtukan da ke ƙarewa cikin dare ku kashe su ga matasa daga ƙarfe goma. In yaro ya sha kaye sau huɗu ko biyar a jere, maimakon ku cilla masa maɓallin sake bugawa da tallan makamin da zai saya ya rama, ku ba shi minti biyar ya sha iska, ku kun fi kowa sanin lokacin da ya fara dukan sikirin da ƙarfi.

Ku masu rumbun manhajoji kuma, ku ne masu gadin ƙofa. Shekarun yaro a ɗaure su da wayar tun ranar da aka saita ta da hannun babba, ya zama wasan 18 ba ya ma bayyana masa, ba kowane gem ya riƙa tambayarsa yana zaɓar 1990 ba. Saitin iyaye ku fito da shi fili, da harsunan da mutane ke ji, har da bayani na murya don wanda ba ya karatu. Ku ɗauki mutane masu jin harsunanmu su riƙa duba ƙararrakin zagi, kuma wanda ya kai ƙara a sanar da shi abin da aka yi.

Sai abu na ƙarshe, wanda in da gaske kuke cewa bincike na bayanku bai kamata ya yi muku wuya ba. Yawancin binciken da ake ta musu a kai an gina shi ne kan tambayar yaro awa nawa kake bugawa, kuma duk uban da ya taɓa yi wa ɗansa wannan tambayar ya san darajar amsar. Alƙaluman gaskiya suna hannunku. Masanan Oxford sun taɓa samun irin waɗannan bayanai daga kamfanonin gem na Nintendo da EA suka yi aiki da su a kan wasannin Animal Crossing da Plants vs. Zombies, ke nan ana iyawa ba tare da an tona asirin kowa ba. To ku buɗe na wasannin harbi da na gasa ma, musamman na matasa, ga masu binciken da ba ku kuke biyansu ba, a duba awannin dare, a duba abin da ke biyo bayan shan kaye a jere, a duba hirar murya. In sakamako ya wanke ku ni zan fara karanta wa iyaye shi a taron makaranta.

Wayar ɗana tana hannunsa yanzu, da gilashinta a tsage tun ranar ƙwallon nan, na ƙi gyarawa da gangan. Mun yi yarjejeniya da shi, ƙarfe tara take kwana a ɗakina, kuma ba ya sa iyafis in yana bugawa. Na yi ƙoƙarin gyara shekarar haihuwar tasa a akawun ɗin, aka ce ba a canzawa sai na tura ƙorafi, na tura, har yau 1990 ce. In za ku amsa wannan wasiƙar, don Allah mutum ya amsa.

Naku,
Wani uba kuma malamin sakandare, a madadin iyaye da malaman da muka yi shawarar rubuto muku.